Gwanayen Hana Gam Kamawa

Duk wanda ya taɓa matso Araldite daga bututunta biyu, ya cakuɗa, ya liƙa hannun kofi ko fasasshiyar fitilar mota, ya san halin gam ɗin ifoksi: in ya kama, ya kama ke nan. To, akwai mutanen da abin sha'awarsu shi ne su ɗauko wani abu da suka yi makonni suna wahala a kansa, su malale shi da irin wannan gam baki da baki, su bar shi ya kwana ya bushe ƙamas, da safe kuma su ɗaga ya rabu salin-alin, ba tabo ba ƙwarzane. Su ne masu ƙera ƙananan jiragen sama da ake tuƙawa da rimot daga ƙasa. Ana yawan yaba musu kan zanen fiffike da iya tuƙi. Ni kuwa abin da ya fi burge ni a aikinsu wani shafi ne da ido ba ya gani, wanda suke sakawa tsakanin gam da mazubi, wato maganin hana mannewa.

Kada mai karatu ya zaci jiragen roba na kantin kayan wasa ake nufi. Wannan fage ne mai gasa ta duniya a ƙarƙashin hukumar FAI, wadda aka kafa a 1905, hedikwatarta kuma tana Lausanne a Suwizalan. A ajin da ake kira F3K, alal misali, jirgin ba shi da inji, faɗin fukafukansa ba ya wuce mita 1.5, doka kuma ta hana nauyinsa haura giram 600, ko da yake na gasa da yawa ba su kai rabin haka ba. Matuƙi yakan riƙe bakin fiffike, ya juya da ƙarfi ya wurga shi sama, ƙwararre ya kai shi mita 60 ko fiye, daga nan sai neman iska mai ɗumi da ke tashi sama, irin wadda shirwa da ungulu ke hawa. A can ɗaya gefen kuma akwai masu gudu. Ranar 19 ga Janairun 2021, a dutsen Parker da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, Spencer Lisenby ya tuƙa jirgi maras inji har ya kai gudun kilomita 882 a awa ɗaya, gudun da jiragen fasinja ke yi a sararin sama.

Irin waɗannan fukafukai ba a sassaƙa su ɗaya bayan ɗaya. Zuba su ake yi a mazubi, da yadin zaren gilashi, wanda aka fi sani da faiba, ko na zaren kabon, a jiƙe da ifoksi. Dalili shi ne iska ba ta yafe wa fiffike kuskure. Siffar da aka lissafa a kwamfuta dole ta fito daidai, fuskar kuma ta zama sumul, don ɗan tudu ko ɗan rami kusa da goshin fiffike ya isa ya dagula iskar da ke bin jikinsa ya rage masa tafiya. Jamusawa ne suka buɗe wannan hanya a manyan jirage marasa inji: a 1957 jirgin Phönix ya fara tashi, wanda Richard Eppler da Hermann Nägele na ƙungiyar ɗaliban Stuttgart suka tsara, shi ne na farko a irinsa da aka gina da faiba. Masu ƙananan jirage suka ɗauki dabarar, suka ɗauki har siffofin fiffiken da Eppler ya lissafa, yau kuma ƙananan masana'antu a Jamus da Cak da Yukren suna fitar da jiragen gasa da ake saye a duk duniya.

Kafin a samu mazubi sai an yi samfur, wato ainihin siffar fiffiken ko gangar jikin jirgin, da katako ko wani allo na musamman da inji ke sassaƙawa. A yi masa fenti, a bi shi da samfefa da ruwa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, lamba 400 har zuwa 2000, a goge shi har mutum ya ga fuskarsa a ciki. Sai a nutsa rabinsa a cikin wani allo da aka yanke daidai da shi, a toshe ɗan gibin da ya rage da yumɓun roba irin na wasan yara, a shafa gam mai kauri na fuskar mazubi a kan rabin da ke waje, a bi shi da yadin faiba hawa-hawa. In ya bushe a kifa, a cire allon, a yi wa ɗaya rabin haka. Ka ga ke nan sau uku ake bukatar gam ya saki abin da ya kama: mazubi ya saki samfur, rabin mazubi ya saki ɗan'uwansa, sa'an nan kowane fiffike da aka zuba ya saki mazubi. In ɗaya ya ƙi, aikin makonni ya tafi.

Me ya sa ifoksi ke da wannan naci? Hanya biyu yake kamawa. Yana kutsawa cikin ƙananan ramuka da ƙwarzanen da ido ba ya gani ya daskare a ciki, yana kuma ƙulla zumunta ta sinadari da fuskar da ya samu, musamman in ita ma ifoksi ce da ba ta gama nuna ba. Ga shi kuma ba ya tsukewa sosai in ya bushe. Gam ɗin foliyesta da ake yin kwale-kwale da tankunan ruwa da shi yakan ɗan ja jikinsa ya taimaka wajen rabuwa, ifoksi kuwa yana zaune daram inda aka sa shi. Aikin maganin hana mannewa shi ne ya toshe waɗancan ramuka, ya kuma shimfiɗa fuskar da gam ba zai sami abin riƙewa a kanta ba.

Mafi daɗewa a cikin magungunan shi ne kaki. Ba kakin zuma ba, wanda ke narkewa tun a wajen digiri 62 zuwa 64 na ma'aunin Salshiyos. Wanda ake ji da shi kakin karnauba ne, da ake samu a ganyen wata bishiya dangin giginya a arewa maso gabashin Barazil, musamman jihohin Piauí da Ceará. Ana yanko ganyen da rani, a shanya, a kaɗe garin da ke jikinsa, a narka a tace. Yana cikin mafiya tauri a kakin da ake samu daga tsiro, ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 82 zuwa 86, shi ya sa yake jure ɗumin da ifoksi ke fitarwa lokacin da yake daskarewa. Ana sayar da shi a gwangwani, a kwaɓe da sinadarin da ke tausasa shi, da sunaye irin su Partall Paste #2 da Meguiar's Mirror Glaze lamba 8. Man goge mota ma yakan ƙunshi karnauba, amma mai hankali ba ya kai shi kusa da mazubi, don da yawansu akwai silikon ko garin gurza a ciki.

Shafa kakin kansa abu ne da za a iya koya wa yaro cikin minti biyar, amma a kan ɗauki shekaru kafin hannu ya faɗa. Ana ɗibar kaɗan a soso ko tsumma mai laushi, a bi fuskar ana zagayawa, siriri ƙwarai, har cikin kowane lungu. A jira ya yi hazo-hazo. In an yi saurin gogewa, an kwashe shi duka. In an bari ya bushe tauri, sai an sa ƙarfi, ƙarfin kuma ya bar zane. Gwani ya san tsakiyar da yatsansa. Sai ya goge da tsumman auduga mai tsabta, yana juya tsumman a kai a kai don kada ya mayar da abin da ya ɗebe, kuma da hannu, don injin gogewa na iya ɗumama fuskar ya share kakin. Daga nan sai a bar shi ya huta, kamar awa guda, kafin shafi na gaba. A nan ne sauri ke haifar nawa. Sinadarin da ke cikin sabon shafi yana narkar da na ƙarƙashinsa muddin bai bushe ba, saboda haka wanda ya jera shafi goma cikin rabin awa, a gaskiya shafi ɗaya ya yi. Kuma ba don a tara kauri ake maimaitawa ba, kamar yadda sababbin shiga ke zato. Ana yi ne don wurin da hannu ya tsallake a karo na farko ya samu a na biyu ko na biyar, tunda wuri ɗaya da bai fi ƙwayar gero ba ya isa ya riƙe fiffike ya ɓantaro fuskar mazubi.

Sabon mazubi ya fi kowanne haɗari, shi ya sa ake ba shi shafi biyar zuwa goma kafin zubin farko. Mai waina ta san wannan tun ba yau ba: sabuwar tanda sai ta sha mai ta ƙoshi kafin ta fara saki lafiya. In mazubi ya fitar da fukafukai kaɗan ya saba, shafi ɗaya tsakanin zubi da zubi ya wadatar.

Magani na biyu ruwa ne, galibi kore ko shuɗi, da ake kira PVA. Wasu masana sinadarai biyu na Jamus, Willy Herrmann da Wolfram Haehnel, su suka fara haɗa shi a 1924. In an fesa shi ya bushe, sai ya zama fata siririya mai raba gam da mazubi kwata-kwata, wadda ifoksi da foliyesta ba sa iya ci, amma ruwa zalla yana narkar da ita. Wannan shi ne babban amfaninsa: ko fiffike ya yi taurin kai, in aka samu kafar da ruwan ɗumi zai shiga, fatar za ta narke ta sake shi. A lura da wani tarko. Farin gam ɗin kafintoci ma da waɗannan haruffa uku ake rubuta shi a jikin roba, dangin juna ne ma, don daga sinadarin gam ɗin ake samo maganin, amma shi gam ɗin liƙewa yake yi. Wanda ya saya bai karanta cikakken sunan ba ya sayi nadama.

PVA yana da nasa halin. Duk abin da ya faɗa masa kafin ya bushe, ƙura ko gashi ko sawun buroshi, zai fito a jikin fiffike daram, kuma ko ya kwanta lafiya yakan ɗan dusashe ƙyallin da aka sha wahalar samu. Shi ya sa ake fara masa da feshi mai laushi kamar raɓa, a bari ya sha iska, sa'an nan a bi da wanda ya fi jiƙa, ba tare da ya kwaranya ya taru a kwari ba. Wani kakin ma ba ya karɓarsa, sai ka ga ruwan ya dunƙule ɗigo-ɗigo ya ƙi shimfiɗuwa. Saboda haka ne kamfanin R&G na garin Waldenbuch a Jamus yake sayar da wani kaki na share fage, wanda aka yi don PVA ya kwanta a kansa. Hannu mai gumi in ya taɓa fatar ya ɓata ta, fenti mai ruwa ma haka. Duk da wannan, a wajen raba samfur da sabon mazubi, inda kuskure ɗaya ke cinye duka biyun, ina tare da waɗanda ke cewa a sa kaki a kuma ɗora PVA. Ƙyallin da ya dusashe ana dawo da shi da gogewa. Samfurin da ya mutu a cikin mazubi kuwa sai guduma.

Na uku shi ne na zamani, wanda masana'antun manyan jirage ke amfani da shi, irin su Frekote na kamfanin Henkel da Chemlease. Ruwa ne garai, a shafa da tsumma, cikin mintuna ya bushe ya ƙulle da fuskar mazubin kanta, ba ya bin fiffike ya fita. Shafi ɗaya mai kyau yakan fitar da zubi da dama, yana jure zafin da zai narkar da kowane kaki, abin da ke da muhimmanci ga wanda ke gasa fiffikensa a akwatin ɗumi don gam ya ƙara ƙarfi. Sharaɗinsa tsabta. Ba ya zama a kan tsohon kaki, dole a wanke mazubin tas da sinadarin wanki, a fara shafa mai toshe ramuka, sa'an nan shi. Yana da tsada, warinsa na bukatar taga a buɗe da safar hannu, kuma in an bar kwalbarsa a buɗe laimar iska na lalata shi. Aibinsa mafi girma dai shi ne wani lokaci yakan yi aikinsa fiye da kima.

A nan ne ainihin gwanintar take. Jiragen gasa ba a yi musu fenti bayan an gama su, don fenti da abin cike ramuka nauyi ne, kuma suna canza siffar fiffike. A cikin mazubi ake fesa fentin tun farko, kafin a sa yadi da gam, ta yadda in an buɗe sai fiffike ya fito da launinsa a jiki, da ƙyallin mazubin a kansa. Komai a juye ake yinsa: launin da aka fara fesawa shi ne zai kasance a waje, rubutu kuma sai an rubuta shi ta baya kamar a madubi. Yanzu ka duba abin da ake nema a wurin maganin nan. Ana so ya riƙe ɗanyen fenti ya kwanta shimfiɗe. Ana so ya riƙe tef ɗin da aka raba launi da launi da shi, kuma in an ɗaga tef ɗin kada fentin da ke gefensa ya biyo shi. Ana so ya ci gaba da riƙewa lokacin da buroshi ke dannan yadi a kansa, da lokacin da aka sa mazubin a jakar leda aka zuƙe iskarta ta matse komai. Sai bayan duk wannan, washegari, ake so ya saki gaba ɗaya lokaci guda.

In fuskar ta cika santsi, fenti zai tsattsage ya bar ƙananan ramuka zagayayyu da masu fenti ke kira idon kifi, ko kuma ya ɗago da kansa kafin gam ya bushe, ya bar tabo maras ƙyalli da ba ya gyaruwa. In santsin ya gaza, rabin fentin ya fita da fiffike, rabi ya zauna a mazubi. Tsakanin waɗannan biyun akwai 'yar siririyar hanya, kuma ba a rubuce take a jikin gwangwani ba, don ta danganta da irin fentin, da irin kakin, da zafin ɗakin a ranar. Gwani yakan fara da feshi busasshe, sama-sama, ya ba fentin abin takawa, kafin ya ƙara. Yana da gwajinsa ma: ya liƙa guntun tef a fuskar mazubin ya ɗaga, daga yadda tef ɗin ya yi gardama ko ya taso ba musu ya san ko shafin ya kai. Kuma ba ya yarda ko gwangwanin feshin silikon ya shigo ɗakin, don burbushinsa a iska ya isa ya lalata fentin mako guda. Na ga ana kiran wannan tsantseni da suna camfi. Ba camfi ba ne, mutum ne da ya san abin da ya taɓa cinye wa wasu aiki.

Wani abin da ke bambanta ƙwararre da ɗan koyo shi ne inda yake kai kakin. Ɗan koyo fuskar da fiffike zai kwanta kawai yake gani. Ƙwararre ya san cewa ranar da za a haɗa rabin sama da na ƙasa, gam ɗin haɗi zai matso ya bazu a leɓen mazubin, ya gangara cikin ramukan ƙusoshin da ke daidaita rabi da rabi, ya bi zaren noti. Saboda haka leɓen ma yana shan kaki har bakinsa, ramukan a bi su da auduga a tsinke, ƙusoshi da notuna kowanne a shafe shi. Mazubai da yawa fuskarsu ta saki lafiya, ƙusa ɗaya ce ta riƙe su.

Ranar buɗewa ba a kawo sukundireba. Weji ake sawa, na roba ko na katako mai laushi, a cusa a kusurwa ɗaya a hankali, a ƙara wani a gaba, ana zagayawa. Sai a ji wata 'yar ƙara, ƙas, iska ta shiga, rabuwar ta bi jikin mazubin da kanta. Fatar fiffiken F3K ba ta kai kaurin katin waya ba, bakinsa na baya kuma kaifi gare shi, don haka ba a ja, ba a murɗawa. In ya ƙi, a hura iskar kwamfaresa ta kafar, ko a ɗura ruwan ɗumi in akwai PVA, a jira. In duk ya faskara, doka ɗaya ce: a sadaukar da fiffiken a ceci mazubin. Bayan ya fito kuma da sauran aiki, don kakin da ya biyo shi zai hana duk wani gam kama shi nan gaba. Wurin da za a liƙa wani abu sai an wanke an ɗan gurza.

Akwai abin da maganin ba ya iyawa, kowane iri ne. In siffar samfurin tana da wurin da ya yi ƙugiya, ko an sa layin raba mazubi ba a daidai mafi faɗin jiki ba, to an kulle shi ke nan, ko tulin kaki aka zuba. Haka in fentin samfurin bai gama bushewa ba, ko katakon bai sha abin toshe ramuka ba. Wannan lissafi tun kafin a buɗe gwangwani ake yinsa.

Mai karatun da ke sha'awar gwadawa a irin yanayinmu, ya yi la'akari da abu biyu: ƙurar hunturu abokiyar gabar PVA ce, zafin bazara kuma yana busar da kaki kafin hannu ya kai gare shi, saboda haka a yi aikin da sassafe, a ɗaki rufaffe da aka yayyafa wa ruwa a ƙasa, a kuma riƙa shafa ɗan wuri ana gogewa kafin a matsa gaba. Kada ka fara da fiffike. Fara da ƙaramin abu kamar murfin hancin jirgi. Kuma duk ranar da ka canza kaki ko fenti ko gam, samo ɓallen gilashi ko wani allo mai fenti irin na samfurinka, ka yi masa duk abin da za ka yi wa mazubin, shafi bayan shafi, ka bar shi ya kwana. Sai ka ga ya saki da safe kafin ka taɓa mazubinka.